Ruwan bayan Yaya Habu

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Salisu. Ina koyarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, cikin karkarar Dogo-Dogo, shi ya sa a garinmu kowa Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman boko. Labarin jinyar yayana Habu zan bayar, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Na daɗe ina gudun rubuta wannan, don kaso mai yawa na abin da ya faru hannuna yana ciki. Amma akwai wata magana da ke yawo a garinmu game da ciwonsa, ba gaskiya ba ce, kuma ta fara cutar da mutane.

Habu ya girme ni da shekara tara. Da Baba ya rasu, shi ya riƙe gona da shanun noma biyu, ni na ci gaba da karatu. Bai taɓa zama a aji ba. Duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake miƙa wa, in karanta in faɗa musu abin da ta ce, kuma ba wanda ke sake tambaya.

Ciwon ya fara bara, da damina, bayan noman farko. Ina gida lokacin, muna hutun lakwal. Habu ya soma dawowa daga gona da wuri yana dafe da kai, da yamma jikinsa ya yi ɗumi. A damina kowa masassara yake yi, ba mu ɗauki abin da zafi ba. Muka je gidan likita na kusa da mu, majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ba shi maganin palu, zazzaɓin cizon sauro, na kwana uku. Ya shanye. Zafin jiki ya ɗan sauka, ciwon kai bai motsa ba.

Sati na biyu, ranar kasuwar Dungas, na tsaya wurin wani mai sayar da magani a tebur na kwatanta masa ciwon. Ya ce taifot ce, ya ba ni kati biyu na wasu fararen ƙwayoyi manya. Na karanta bayan katin, na ga an rubuta maganin ƙwayoyin cuta ne, na gamsu. Safe da yamma nake ba Habu da hannuna har suka ƙare. Ya ɗan samu, har ya koma gona kwana biyu.

Matarsa Rabi ce ta fara ganin abin da mu ba mu gani ba. A sati na uku ta same ni a zaure da hantsi ta ce, "Mushe, yayanka ba daidai yake ba."

"Ai yana samun sauƙi."

"Jiya ya ɗaura wa shanu karkiya, ya tsaya yana kallonsu, ya manta inda za shi. Yau da safe ya kira ni da sunan Inna. Kuma amai yake yi ba tare da ya ci komai ba."

Washegari muka ɗauki kabu-kabu biyu zuwa bakin hanya, daga nan muka shiga mota zuwa Magarya: ni, da Habu, da Rabi, da Kawu Idi ƙanen mahaifiyarmu, wanda Inna ta ce lallai ya bi mu. Asibiti cike yake da mata masu goye da yara masu masassara, har ƙarƙashin itatuwa. Mun iso da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan la'asar. Habu yana kwance a tabarma, ya rufe idonsa da hula don haske yana damunsa.

Likitar da ta duba shi mace ce, matashiya, daga yammacin ƙasa. Hausarta ba ta nuna ba, sai ta riƙa yi mini magana da Faransanci ina fassarawa. Ta lanƙwasa wuyansa, ta haska idonsa, ta tambaye shi wace rana ce yau, ya faɗi ta jiya. Ta sa aka kwantar da shi aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Sannan ta ce da safe tana son ta ɗebi ruwan bayansa, wato ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa, a auna.

Kawu Idi ya ce sam. "Wannan allurar na san ta. Ruwan mutum suke zuƙewa. In bai shanye ba, to ya gama haihuwa."

Na yi ta bayani. Sai da muka gaji, sannan Habu ya ce, "Salisu, kai me ka gani?"

"A yi, Yaya."

"To a yi."

Ni na riƙe shi. Aka kwantar da shi a gefe, aka naɗe shi gwiwa na taɓa haɓa, na rungume wuyansa da ƙafafunsa. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, ina jin yana rawa a hannuna. Ruwan ya riƙa ɗiga cikin ƴan kwalabe, fari tas kamar ruwan sama. Na ji sanyi a raina, don na sha jin cewa ruwan mai sanƙarau gurɓatacce ne. Kuma abin mamaki, kafin azahar ciwon kan ya sauka. Habu ya tashi zaune, ya sha fura, ya tambayi ko an ba shanu ruwa.

Ni na karɓo takardar daga labo, ɗakin awo. Kafin in kai wa likita na tsaya a baranda na karanta. Layi biyu ne: na hagu abin da aka samu a ruwan Habu, na dama abin da ya kamata a samu ga mai lafiya. Fararen ƙwayoyin jini, an ce kada su wuce biyar, nasa goma sha huɗu. Na taɓa jin majo yana cewa na mai sanƙarau dubbai ne, to mene ne sha huɗu? Na biyu, wanda suke kira furotin, ya haura iyakarsa da ɗan kaɗan. Na uku sukari, yana cikin iyaka, ko da yake can ƙasa-ƙasa. A ƙarshe an rubuta ba a ga ƙwayar cuta ba. Ni da na saba ba yara maki, sai na karanta ta kamar takardar jarrabawa. Yaron da rabin maki ya rage masa ai ba a hana shi wucewa.

Likita ta daɗe tana kallon takardar. Ta ɗauki biro ta yi wani ɗan lissafi a gefe. Sannan ta ce kalmar da har yau nake ji a kunnena: "À la limite." Wato a bakin iyaka. Ta ce takardar ba ta ce yana da ciwo ba, ba ta kuma ce ba shi da shi ba, amma ita hankalinta bai kwanta ba.

"Ya sha wani magani kafin ku zo?"

Kunya ta kama ni. Malamin lakwal guda, a ce yana sayen magani a tebur. Na ce, "Na palu kawai."

"Akwai wanda ya yi dogon tari a gidanku?"

"Babu."

Ban fassara wa kowa tambayar ba. Da na fassara, Rabi za ta tuna cewa Baba ya yi wata takwas yana tari kafin ya rasu, kuma Habu ne ya kwana da shi ɗaki ɗaya har ƙarshe. Ni lokacin ina makaranta a Damagaram.

Ta ce ya zauna a asibiti. Bayan kwana huɗu za ta sake ɗiban ruwan ta gwada da na farko, a ɗauki hoton ƙirjinsa kuma. Sauƙin da ya ji, in ji ta, don an rage ruwan da ke matse masa kai ne, kada mu ɗauka warkewa ce.

Na koma ɗakin da suke. Ido shida suna kallona. Kawu ya riga ya ce in aka sake soka wa ɗan ƴar'uwarsa allura, ba da yawunsa ba. Ciyawa tana cin gona, lokacin maimai yana wucewa. Ga Habu zaune yana dariya da maƙwabcin gadonsa. Abin da na ce musu shi ne, "Ba a ga ƙwayar cuta ba. Abu biyu ne suka ɗan hau, kaɗan. Tana son a sake don ta tabbatar, amma kun san likitoci."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin nan. Sai dai ba abin da ta ce ke nan ba.

Da ta ji za mu tafi, ta zo da kanta har bakin gado. Ta bar ni, ta dubi Habu, ta haɗa ƴar Hausar da take da ita: "Malam, ka zauna. Ciwo bai tafi ba. Ka zauna."

Habu ya juyo wurina. "Kai ka ga takardar da idonka?"

"Na gani."

"To?"

"Kaɗan ne, Yaya."

Ya ce, "To ka ba ta haƙuri, mu tafi."

Ni na sa hannu a takardar da ke cewa mun fita da shi bisa son ranmu.

Kwana tara muka samu. Ya je gona sau uku, ba ya daɗewa. Inna ta sa aka yi masa rubutu, Kawu ya kawo wani sassaƙe na turare. Duk wanda ya zo gaisuwa da nasa maganin: wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce iska ce ta gona. Ciwon kan ya dawo a hankali, Habu yana ɓoyewa. Rana ta goma Rabi ta miƙa masa ƙwarya, ya kai hannu gefenta ya kama iska. Ya ce ƙwarya biyu yake gani. Na duba, idonsa na hagu ya karkace ya koma wajen hanci. Na ce gobe za mu koma Magarya. Aka kwana ana ruwa, hanya ta yanke, muka ƙara kwana biyu. A safiyar rana ta uku ya tashi zai yi alwala, ya faɗi a bakin ƙofa. Da muka ɗaga shi, hannun dama da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace. Yana son ya kira sunana, ba ya fita.

A amalanke muka kai shi bakin hanya, da shanunsa.

Likitar nan muka sake samu. Na shirya jin faɗa, ba ta yi ba. Ta dube ni sau ɗaya ta ce in riƙe shi kamar wancan karon. Wannan karon bai yi rawa ba, bai ma san ana yi ba. Ruwan ya fito da ƙarfi, launinsa ya koma rawaya-rawaya. Ba ta tsaya jiran komai ba, a ranar ta fara masa maganin tarin fuka, ta rubuta takarda aka wuce da mu Damagaram.

A can aka tabbatar. Ƙwayar tarin fuka ce ta kama rigar ƙwaƙwalwarsa. Ni ban taɓa sanin tana hawa kai ba, na ɗauka a ƙirji kawai take zama. Wani dattijon likita, Bahaushe, ya karɓi takardun biyu ya jera su a tebur. A wurinsa na faɗi gaskiya. Na fito da fankon katin maganin da ya rage a aljihun jakata na nuna masa, Rabi kuma ta faɗi tarin Baba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, wannan maganin da ka saya yana kwantar da ƙwayar na ɗan lokaci, ba ya kashe ta. Yana sa ta yi shiru ranar da ake nemanta." Ya sa yatsa kan lissafin da likitar ta yi da biro, wanda ni ban ko kula da shi ba. "Sukarin ruwan baya ba a karanta shi shi kaɗai, da na jini ake gwada shi. An yi masa ƙarin ruwa mai sukari, na jininsa ya hau. In ka gwada su, wannan da ka ga yana cikin iyaka ya faɗi ƙasa. Ita ta gani. Sha huɗu kuma, ga mutumin da ya yi sati uku yana ciwon kai har yana manta rana, ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ciwon da farko haka yake zuwa, a ɓoye, kuma sau da yawa ba a ganin ƙwayar a ɗiban farko. Shi ya sa ake sakewa."

Na ce, "Likita, da mun zauna, da bai shanye ba?"

Ya ce, "Wannan Allah ne ya sani. Akwai wanda ake farawa da wuri kuma ya shanye. Amma ba zan ce maka sati biyun nan ba su yi komai ba."

Mun yi wata biyu da kwanaki a Damagaram. Sati biyun farko bai san inda yake ba. Ta hanci ake ba shi kunu da magani, da wani siririn tiyo. Aka koya mana juya shi duk bayan awa biyu, duk da haka ƙugunsa ya yi gyambo, Rabi tana wankewa tana kau da kai don kada ya ga fuskarta. Maganin ya mayar da fitsarinsa ja, ranar da Inna ta zo ta gani ta fasa kuka ta ce jini ne, da ƙyar aka fahimtar da ita. Maganin tarin kyauta ne, wannan na gode wa Allah. Sauran ba kyauta ba ne: hoton kai, allurai, safar hannu, abinci. Sa ɗaya ya tafi kasuwa, daga baya ɗayan ya bi shi, don ba a noma da sa ɗaya. Akwai ranar da na yi layin hoton kai tun safe, da aka zo kaina aka ce wuta ta ɗauke, in dawo jibi. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya da ta ga Rabi ba ta ci komai ba tun safe, ta raba abincinta biyu ta ba ta, kuma ta ci gaba da yin haka har muka bar wurin. Ban san sunan mahaifinta ba, amma kullum ina sa ta a addu'a. Daraktan lakwal ɗinmu ya haɗa ajina da nasa da aka koma karatu. Mutanen gari suka yi gayya suka girbe ɗan abin da ciyawa ta bari. Allah ya saka musu.

Habu ya rayu. Ya gama shekararsa ta magani wata biyu da suka wuce. Ɓarin dama bai dawo ba. Idon hagu ba ya gani. Kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba: Inna, to, a'a, Allah. Wani lokaci yana gane ni, wani lokaci yana kallona kamar baƙon da ya daɗe bai tafi ba. Yana da shekara arba'in da uku.

Tun kafin mu dawo gida magana ta riga mu isowa: allurar baya ce ta shanye Habu. Kawu Idi yana faɗa a majalisa, a kasuwa, a wurin jana'iza. "Na faɗa musu. Da ƙafarsa ya shiga, suka zuƙe masa ruwa. Sau biyu!" Ina zaune ana faɗa, ina yin shiru. Shirun ya yi mini daɗi, gaskiya. Muddin laifin yana kan allura, ba wanda zai tambayi abin da aka ce da Faransanci.

Da bazara, ƴar maƙwabcinmu Malam Sani, yarinya mai shekara bakwai, ta kwanta da zazzaɓi da sanƙarewar wuya. A asibiti aka ce za a ɗebi ruwan bayanta. Uban ya ce, "Ku mayar mini da ita kamar Habu?" Ya saɓe ta ya dawo gida. Sai da ta fara suma aka mayar da ita. Ta tashi, amma ba ta ji ko kaɗan. A ajina take. Yanzu tana zuwa ta zauna a gaba tana kallon bakina.

To ga abin da nake so a sani, kuma na faɗe shi da bakina a ƙofar masallaci ranar Juma'ar da ta wuce, Kawu yana wurin. Allura ba ta shanye Habu ba. Allurar farko ita ta nuna ciwon tun yana tafiya da ƙafarsa, ni na karanta na ce kaɗan ne. In likita ya ce muku sakamako yana bakin iyaka, ba cewa ya yi ku tafi gida ba, cewa ya yi bai gama dubawa ba. In ya ce a sake, a sake. Ku faɗi duk abin da mara lafiya ya sha, ko daga tebur ne ko daga daji. Kuma ku da kuka yi lakwal kuke yi wa iyayenku tafinta, ku faɗi abin da aka ce duka, har da wanda ba ku so. Kawu bai yi mini magana ba tun ranar. Malam Sani ya saurara har ƙarshe, ya sa takalminsa ya tafi.

Kafin in je masallacin, sai da na fara faɗa a gida. Na sami Rabi tana shanya zannuwan Habu a kan danga, shi yana kwance a inuwa. Na faɗa mata komai: maganin tebur da na ɓoye wa likita, tambayar tari da ban fassara ba, da abin da likitar ta ce a ranar, kalma bayan kalma. Ta ci gaba da shanya har ta gama.

Ta ce, "Na sani, Mushe."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Ban ji yarenku ba, amma ta taga na hango fuskarta lokacin da take yi maka magana. Ta daɗe tana magana. Kai da ka zo, naka gajere ne."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin ta dube ni haka ba tun da aka kawo ta gidanmu.

"In faɗa wa wa? Kai ne da takarda a hannu."

Habu ya yi wani ɗan nishi daga inda yake. Ta share hannunta a zane, ta nufi wurinsa.

"Rana ta iso shi," ta ce. "Zo ka kama ta wajen kafaɗa, ni in ɗauki ƙafafun."